Naman Gada Daga Maƙwabciyata

Ni ba mai yawan fita ba ce. Duniyata daga ɗakina ne a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ƙofar maƙwabciyata, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, da muke kira Maman tagwaye. Da salla in kai mata soyayyen nama, ita kuma in ta dawo Kirsimeti daga ƙauye sai ga kwano a rufe, bandar naman gada, ƙamshin hayaƙi har zaure. Yayanta ke kamawa da tarko.

Shekarar farko maigidana ya buɗe kwanon, ya ce, "Wa ya yanka?" Na ce ban tambaya ba. Ya ce abin tarko sau da yawa a mace ake tarar da shi, ba zai ci ba, yara ma kada su taɓa.

Bakina ya yi nauyi in faɗa mata. Matar da ta kwana da ni a asibiti ranar haihuwar autana, in ce mata namanta ba ya ciyuwa a gidana? Sai na aika wa mai facin taya na bakin titi, na zuba gyaɗa a kwanon na mayar.

"Maƙwabciya, yaya gadar?"

"Kai, romon ma kaɗai ya isa," in ji ni, ina kallon takalmina.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Yabona ya sa ta ƙara girman kwano.

Bara ta shigo da kwando, zabi biyu masu rai suna ta ihu a ciki. Ta ce yayanta ne ya tsinto ƙwan a daji ya sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Ma'aikatan gandun daji ma sun tsare su a hanya, sai da ta yi ta bayani cewa na kiwo ne.

"Ki ba Baban yara ya yanka da hannunsa."

Ta gyara zaninta, ta ce, "Mai facin nan cocinmu ɗaya. Ya ce a gaya miki gadar bara gishiri ya yi yawa."

Ta yi dariya, ni na kasa. Da aka yi farfesun zabin, na zuba mata cinyoyin duka na kai da kaina. Ta jawo mini kujera, ta ɗauko cokali biyu.