Baba Norbert da Inci Ɗaya da Rabi

Babban yatsan Baba Norbert na hagu ba shi da farce. Na lura da haka ne ranar da ya miƙo mini kofin ruwa a rumfarsa, shekara huɗu da suka wuce, kuma har yau kunya ba ta bar ni na tambaye shi dalili ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a filin golf ɗinmu na bayan garin Lafiya. Kullum kafin ƙarfe shida ya iso daga garinsu Agyaragu a kan tsohon babur ɗinsa. Filinmu ba irin na talabijin ba ne. Babu ciyawa a kewayen ramukan da ake jefa ƙwallo, yashi ne ake kwaɓawa da baƙin mai a daɓe. Shi ke bin ramukan ɗaya bayan ɗaya yana jan buhu a kan yashin har ya kwanta luf. In ya gama sai ya koma rumfarsa ta kwano a gindin mangwaro, inda sandunan buga ƙwallon ke jiran gyara: wadda kanta ya kwance, wadda robar mariƙinta ta suɗe, da wadda mai ita ya huce haushinsa a kanta har ta lanƙwashe.

In kuna son sanin aikinsa, ku tambayi Madam Doofan, ma'aikaciyar jinya, bahaguwa. Ta kusa barin wasan don ba a samun sandunan hagu a nan. Shekara biyu Baba yana bin 'yan gwanjo daga Makurdi har Jos, yana tsinto su ɗaya-ɗaya, sai da ya haɗa mata bakwai. Ku tambayi Alhaji Sadisu, wanda ya sauya sanda sau uku a shekara guda yana cewa duk jabu ake sayar masa. Baba ya karɓi ta ukun, ya buga ƙwallo ɗaya ta tafi tsaye kamar an ja zare, ya miƙa masa abarsa ya ce, "Oga, sanda yana lafiya. Kai ne za mu gyara." Alhaji da kansa yake ba da labarin yana dariya.

Ni kuwa na shigo filin ne da rakiya. Na gama jami'a, ba aiki, sai Kawuna Babandi, ɗan kasuwar riɗi, ya riƙa ɗauko ni in sha iska. Ina zama nesa da mutane. Wata rana Baba ya gan ni a bayan rumfa ina kwaikwayon bugu da reshen darbejiya. Bayan sati uku ya kira ni, ya nuna mini sanduna shida da ya haɗo daga waɗanda aka yar, ya rage musu tsawo daidai ni, domin ni gajeruwa ce ƙwarai. Kowace da kalarta, ɗaya ma da robar tayar keke ya naɗe mariƙinta. Da su na koyi wasa, da su na doke duk matan filinmu, har aka zaɓe ni in je gasar mata a Jos.

Daga nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru.

Kawu ya ce 'yarsa ba za ta shiga Jos da tarkacen bola ba. Ya sayo mini sababbi fil daga Dubai, goma sha huɗu a jakar fata. Ranar Asabar aka buɗe su a gaban jama'a, kowa na shafawa. Baba ya goge hannunsa a wando, ya zaro ɗaya, ya tsayar da ita a gefena.

"Alhaji, kaya yana da kyau," ya ce wa Kawu. "Amma na dogon mutum ne. Yarinya gajere ne. Ka bari in cire inci ɗaya da rabi."

"Ka cire da me?"

"Da zarto."

"Zarto! Norbert, ka san abin da ke cikin jakar nan kuwa? Keke napep biyu ne a tsaye!"

Wani daga baya ya ce, "Baba itacen girki yake nema!" Aka fashe da dariya. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Zuwaira, ke da za ki buga, sun yi miki tsawo?"

Na riga na gwada su a tsakar gida. Na san sun yi. Amma idanu sun yi mini yawa, ga Kawu sai murna yake, ga kuɗin da ya kashe. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Kawu."

Baba ya mayar da sandar cikin jaka a hankali, ya koma rumfarsa.

A Jos, duk bugun da na yi sai dunduniyar sandar ta riga cin ƙasa, ƙwallo ta karkace hagu. Cikin mata ashirin da biyu na zo ta goma sha tara. Kawu ya ce tsoron taro ne, na bar shi a haka. Faɗuwata ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Magana ta bazu cewa tsoho ya so ya sare sandunan miliyoyi saboda bai san na zamani ba. Masu sababbin kaya suka fara aikawa Abuja ko da roba za a sauya. Rumfar da ake layi ta koma wurin fakewa daga rana. Shekara biyu ina wucewa ta gabanta, in gaishe shi, ya amsa da "Yarinya na, yaya wasa?", in kasa ƙara kalma ɗaya.

Ana yawan tambayata ko sababbin sanduna masu tsada sun ci kuɗinsu. Ƙarfensu mai kyau ne, ba na musu. Sai dai tsadarsu ta sa muka ji tsoron taɓa su, har muka zaɓi a tanƙwara mutum ya dace da sanda maimakon a gyara sanda ta dace da mutum. Sababbin nawa dai ba su taɓa ba ni abin da tsofaffin shidan nan suka ba ni ba.

Baba, kai ne ka faɗi gaskiya ranar nan, ni ce na yi ƙarya. Ina so duk wanda ya yi dariya ya karanta wannan. Kai ne ka dubi mai wasa lokacin da kowa ke duban jaka. Na Agyaragu, mai awo da ido! Ka san amsata ba gaskiya ba ce, kuma ba ka taɓa tona ni ba, ko da sunanka ne ke lalacewa. Na gode. Madam Doofan ta ce in gode maka a madadinta. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku faɗa wa mai kuɗi abin da idonku ya gani. Wanda kuma aka tambaya shaida, kada ya yi irin tawa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na faɗa wa Kawu gaskiya. Ya ce, "Ai da kin faɗa, Zuwaira. Da na bar shi ya yanke."

Washegari aka yi wa Baba walimar ban kwana, domin hannunsa ya fara rawa, ba ya iya yanka daidai. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Da mutane suka koma wasa, na ɗauki jakar sandunan Dubai na kai rumfa na ajiye a gabansa. Ya dube ni, ya dubi jakar. Sai ya laluba aljihu ya fito da guntun alli, ya riƙa zaro sandunan ɗaya-ɗaya yana tsayarwa a gefena, yana ja wa kowace layi a inda ya kamata a yanke. Layukan duk sun karkace. Da ya gama ta ƙarshe, ya jingine su a jikin benci, ya ɗaure agogonsa a bayan babur. Akwai masu bugu a ramin ƙarshe, don haka bai tayar da injin ba, kada ƙara ta dame su. Ya tura shi da hannu har ya fita ƙofa.