Jar Motar da Ta Tare Min Gada

Damina huɗu ke nan da abin nan ya same ni a zauren gidanmu a Haɗeja, kuma wallahi rana tsaka na gan shi, idona biyu. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta muku, na kuma ja mata kunne kada ta ƙara gishiri.

'Ya'yana maza biyu ne. Babban, ɗan fari da ba na kama sunansa, gyaran talabijin yake yi a zaure. Ƙaninsa Bukar yana Kirikasamma da iyalinsa. Su suka kwaso wasu tsofaffin akwatuna biyu na wasan tseren mota daga Kano, kowanne ya kai firji tsawo, da kujerarsa da sitiyari da totur da birki. Babban ya ce min tun asali ba sa tsere da juna sai an jera su an haɗa da guntuwar waya. Wata uku yaran nan suna fama, har suka maƙala wa kowanne wata 'yar na'ura mai bi ta intanet tana ruɗinsa, ya ɗauka ɗan'uwansa na gefensa, alhali ɗaya na nan, ɗaya na Kirikasamma.

Ranar da abin ya kama, zaure ya cika har titi. Sai ga jar motar Bukar ta bayyana a gilashin akwatinmu kusa da farar motarmu, Bukar kuma a waya yana dariya yana cewa, “Yaya, ga ka nan ina ganinka.” Ni kuwa na ce a tashi a ba ni wuri.

Babban ya ce, “Inna, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?”

Na ce, “Shekara arba'in ina auren direba. Matsa min.”

To daga nan kullum bayan la'asar sai na ɗaure zane na zauna mu kara da Bukar. Ɗan nan ba ya tausayin tsufa, gudu yake kamar an koro shi, ya buge ni in faɗa jeji, ya kira waya ya ce, “Inna, a turo makaniki?” Ni ko in ce uwarsa za a turo. Daɗin da na ji a watannin nan, Allah kaɗai Ya sani.

Sai ruwa ya zo. Kogi ya cika ya haye fadama, kwana uku wayar Bukar ba ta shiga, akwatinsa ma shiru. Na huɗun na ɗaure ƙunshina na ce zan bi motar da ke tashi bayan azahar, inda hanya ta ƙare in shiga kwalekwale, sai na ga ɗana da jikokina. Babban ya yi magiya har ya gaji. Ina zaure ina jiran mai babur ya kai ni tasha, sai akwatin ya yi ƙarar nan da yake yi in ɗan'uwansa ya shigo. Jar mota.

Na yar da ƙunshi na haye kujera ina cewa, “Yana raye, alhamdulillahi, yana raye.” Muka tashi. Amma jar motar ba ta yi gudun Bukar ba. Ta shiga gabana a hankali, a natse, har muka doso wata doguwar gada da ke cikin wasan. Fitilar birkinta ta kama ta mutu, ta kama ta mutu, sau uku. Haka marigayi maigidana yake yi a bakin kowace gada, ya taɓa birki sau uku da bisimilla, ya ce sallama ce ga na ƙarƙashin ruwa. Sai motar ta gicciye a bakin gadar. Na yi dama ta tare, na yi hagu ta tare, har lokacin wasan ya ƙare.

Mai babur ya yi ta hon a waje. Na ce wa Babban, “Sallame shi, na fasa.”

Kafin magariba labari ya iso, ruwa ya yanke hanya a wani kwalbati, ya ja motar nan da na yi niyyar bi. An tsamo mutanen da igiya, da ƙyar, kuma duk masu ƙarfi ne. Ni da gwiwata ba ta hawa dakali sai an riƙe ni, ku lissafa da kanku.

Bayan kwana biyu Bukar ya iso lafiya da iyalinsa. Na ce, “Allah Ya yi maka albarka da ka tare ni.”

Ya dube ni, ya dubi yayansa, ya ce, “Inna, wace tarewa? Akwatina kwana shida yana ɗore a kan durom biyu saboda ruwa, na zare masa wayoyi duka.”



Har yau muna tsere, har yau Bukar ke cinye ni, don ba na haye gadar nan sai na taɓa birki sau uku, kuma ba na son duba madubin wasan a wurin. Ku dai in kun ɗaura niyyar tafiya aka tare ku, ko da me aka tare ku, ku ajiye ƙunshin ku zauna.