Mabuɗin Ɗakin Masu Digiri

Ni dai aji huɗu na yi a firamare, ana shirin shiga na biyar aka ce gona ta fi bukatata. Amma jami'a na shige ta na fita shekara talatin da ɗoriya, da fayil a hammata. Masinja ne ni. Duk kundin binciken da ya mai da mutum dakta a sashenmu, a kafaɗata ya hau bene. Shi ya sa in ana lissafin masu ilimi a unguwarmu a Kazaure ba na cewa komai, gyaran murya kawai nake yi.

Da na yi ritaya na dawo gida, sai 'yan yankinmu masu karatun digiri na biyu da na uku suka naɗa ni uban ƙungiyarsu. Akwai na Kazaure, da na Roni, da na Gwiwa, da na Babura. Kusan duk ma'aikata ne masu iyali, karatun ƙarshen mako suke yi. Abin da ƙungiyar ta mallaka a duniya ɗaki ɗaya ne, wani tsohon sito a bayan sashe da na roƙa musu tun ina aiki. Tebur, tabarmi, butoci, da labule da ya raba wa mata gefensu. Nan mai jego take shayarwa, nan wanda ya taso tun asuba yake miƙe ƙafa kafin lacca. Mabuɗin kuwa yana aljihun 'yar cikina, ɗaure da igiya. Kowace Asabar sai na karya kumallo a tsanake, in hau motar birni. Ina isa in tarar da su tsaye a ƙofa da jakunkuna, har da wata malamar asibiti 'yar Gwiwa da goyonta. Su gaishe ni, in buɗe. Na ɗauka wannan tsayuwar girmamawa ce.

Wata damina shugabansu ya gama karatu ya tafi. Sai ga takarda daga ofishin kula da ɗalibai: duk ƙungiyar da ba ta kawo fom da sa hannun sabon shugaba ba kafin sallar Juma'a mai zuwa, an ɗauka ta mutu, ɗakinta kuma za a ba wasu. Aka kira taro ranar Asabar, aka fitar da mutum biyu. Na farko wani hedimasta ne daga Roni, furfura ta kama shi, yana fama da digiri na biyu. Ta biyu wata malamar dabbobi ce daga Babura, 'yar gidan Fulani makiyaya, mai neman zama dakta a kan ciwon shanu. Kowa ya san ita take aikin ƙungiyar tun tuni. Ita take sanar da ranar jarrabawa, ita take bin takardun mutane ofis-ofis.

Aka ce Baba ya sa albarka kafin a kaɗa ƙuri'a. Ni kuma bakina ba ya zama lafiya. Na dubi furfurar Hedimasta na ce, "To, ai ko a gidan biki babba ake fara zuba wa. Ku yara ku jira ƙanzo."

Wallahi tsokana nake yi. Na jira dariya, ba wanda ya yi. Sai 'yar Babura ta miƙe, kanta a ƙasa.

"Baba ya yi gaskiya. Malam shi ya koya mini karatu a aji uku, lokacin yana koyarwa a garinmu. Na janye."

Hedimasta ya yi gumi, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Kafin in isa gida ya aiko cewa shi ma ya janye. Sauran suka ce su ba ruwansu, duk wanda ya sa hannu a cikin biyun sun yarda. Fom ɗin kuma suka danƙa mini, tunda ni ne uba.

Ranar Lahadi ban zauna ba. In fita zaure, in dawo tsakar gida, in zaro fom in duba ko wani ya sa hannu a ɓoye. Uwargida ta ce in buga musu waya mana in huta. Na ce mata maganar girma ba a yin ta a waya. Wanda zai ce maka a'a, a waya ya fi jin daɗin faɗa.

Litinin na hau motar Roni, daga tasha na hau acaɓa muka ratsa tsakanin duwatsu. Na sami Hedimasta a gonar gyaɗa bayan an tashi makaranta, ya naɗe wando yana maimai.

"Ranka ya daɗe shugaban masu digiri," na ce, "ga talakanka ya kawo caffa."

"Baba, don Allah ka rufa mini asiri." Ya jingina da fartanya. "Makaranta a kaina, gona a kaina, babi na biyu an dawo mini da shi sau uku duk jan biro. Wayar nan ma sai an nuna mini inda ake taɓawa. In na karɓa, ƙungiyar a hannuna za ta mutu."

"To me ya hana ka faɗa a taro?"

"A gaban yarinyar da na koya wa baƙi da wasali? In ce ba zan iya ba?"

Ya ba ni ɗanyar gyaɗa a leda, ya raka ni bakin hanya. Fom ya dawo yadda ya je.

Talata na doshi Babura. Ruwa ya tare mu a hanya, motar ta tsaya sau biyu, ni kuwa ƙafata sai rawa take kamar ni nake taka totur. Na same ta a kasuwar dabbobi, ta sa takalmin roba har gwiwa tana duba bakin wani bijimi, mai shi mutumin Nijar yana ta yi mata lissafi da sefa. Tana ganina ta wanke hannu ta durƙusa.

"Tashi, 'yar nan, kada bijimin ya ga ana durƙusa mini ya yi kishi. Hedimasta ya ce ba ya so. Ga biro."

"Baba, kara yake yi mini. In na hau kujerar da aka ambaci sunansa a kai, da wane ido zan dube shi? In labari ya kai ruga, mahaifina sai ya ce boko ya cinye mini kunya."

"To ɗakin fa? Mai goyon nan ta Gwiwa a gindin bishiya za ta riƙa shayarwa?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Allah zai kawo mafita, Baba."

Na ce amin, amma a raina na ce Allah ya kawo, ni na kore ta da bakina.

Da na dawo gida na kasa cin tuwo. Ina ta zagaye ina faɗa, wai masu ilimi har sun kai ga rubuta littafi amma sa hannu ɗaya ya gagare su. Uwargida tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

"Malam, kai da ka yi shekara talatin ana aikenka, sau nawa ka ce ba ka zuwa?"

"Ko sau ɗaya. Aike ai ba a ƙin sa."

Na faɗa, sai na ji abin da na faɗa. Na tsaya cak da hula a hannu. Duk kwanakin nan kyauta nake ta kai wa mutane, kyautar girma kuwa mai kunya dole ya ture ta. Amma in babba ya aiki na ƙasa da shi, wannan ba mai turewa. Ban gaya wa uwargida ita ta warware ba, don kada ta saba.

Laraba na koma Roni. Hedimasta ya gan ni ya ce, "Baba, gyaɗar ce ta yi daɗi?"

"Gobe za ka raka ni Babura. Ba janye mata za ka yi ba, kada in ji kalmar nan a bakinka. Aikenta za ka yi, kamar yadda kake aikenta ɗauko alli."

Ya yi ta nazari yana kaɗa kai. Sannan ya ce to sai ya nemi izini a makaranta, kuma sai an goge masa babbar riga.

Alhamis muka same ta a ɗan ofishinta na asibitin dabbobi. Ta rasa inda za ta sa mu, ta ba shi kujerarta, ta tsuguna a gefe. Hedimasta ya gyara riga, ya ɗaure fuska irin ta filin taron safe. Ni kaina sai da na gyara zama.

"Ke!"

"Na'am, Malam."

"Ina da aiki a ƙungiyar nan, ba ni da sukuni. Na aike ki ki riƙe mini. Ki sa hannu a nan, ki kula da ɗakin nan, in na zo in tarar da shi a share. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Ta dube ni. Na mai da ido kan wani hoton saniya a bango kamar zan saya.

"Na ji, Malam."

"Kuma ban da mummunan rubutu. Na san hannunki."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da mayafi, ta karɓi biro. Ta sa hannu, ni ma na zana nawa a gurbin uba.

Juma'a tun da sassafe ina tasha, karo na farko da na riga direba. Na isa ofishin ana shirin tafiya masallaci. Magatakardan ya buga hatimi ya ce, "Baba, har yanzu kana aike?" Na ce masa wannan shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi.

Washegari Asabar na karya a tsanake kamar kullum, na isa na tarar da su a ƙofa. Na buɗe, aka zauna. Sabuwar shugaba ta yi godiya, sannan ta juyo wajen Hedimasta, ba wajena ba.

"Malam, ka ce in kula da ɗaki. 'Yar'uwarmu ta Gwiwa motar farko take biyowa. Tun bakwai da rabi take tsaye a ƙofar nan da yaro a baya, har goma."

"Tun yaushe ake haka?" na tambaya.

Mai goyon ta sunkuyar da kai tana jijjiga ɗanta. Da na matsa, sai ta ce a hankali, "Ba komai, Baba. Tun ina da cikinsa ne."

Yaron kuwa har ya fara tafiya.

Ba wanda ya ce in ba da mabuɗi. Da za mu shekara a zaune ba mai faɗa, na san su. Na sa hannu a aljihun 'yar ciki, igiyar ta ƙulle, na yi ta fama da ita har sai da Hedimasta ya miƙo mini reza. Na yanke, na ajiye shi a gaban 'yar Gwiwa.

"Ungo. Na aike ki ki riƙa buɗewa."

Ta karɓa da hannu biyu.

Har yau ina zuwa ranar Asabar. Nakan tarar da ƙofa a buɗe, an share, an cika butoci, kowa ya duƙufa a kan takarda, sai dai a ɗago a ce sannu da zuwa Baba a koma. A mota kuwa hannuna bai daina zuwa aljihun nan ba. Guntuwar igiyar tana nan, ban cire ba.