Bod ɗin da na yi mako biyar ina zagi a banza

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk abin da ke da waya a jikinsa ba zai gagare ni ba, mahaifiyata ta yi ritaya daga koyarwa. Tun da ta bar aji ta yi sanyi, yini take a kujera a gidanmu na unguwar Karewa tana kallon ƙofa. Rana ɗaya sai ta ce kiwon kaji za ta kama, kuma ba sayen tsaki take so ba, nata take so ta ƙyanƙyashe. Da na ji muryarta ta dawo irin ta da, sai na yi caraf na ce injin ƙyanƙyasa ni zan haɗa mata. Babu wanda ya aike ni.

Gyaran kwamfuta nake yi a lokacin, a wani ɗan shago a Jimeta. Maƙwabcin shagona abokina ne, mutumin Borno, mai sayar da tarkacen injuna. A buhun tarkacensa na tsinci bod ɗin, wato allon da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan ba irin na ofis ba ne, daga jikin injin wata masana'anta da ta rufe aka ciro shi. Faɗinsa bai wuce littafin rubutu ba, ba shi da fanka, sai wasu haƙoran alminiyom da ke fitar da zafi. An yi shi ne don ya yi shekaru yana aiki a cikin ƙura da zafi ba a kashe shi ba. Ina ganinsa na ji ya shiga raina.

Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce ƙwarai, Windows na zamani ko gaisawa ba za su yi ba. Sai na ɗauko Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya yankawa ya ɗinka yadda yake so. Kwana goma na yi ina rage mata kaya, na cire hotuna, na cire linzamin kwamfuta, na cire duk wani ado, har ta shiga cikin wani ɗan katin ajiya. Abin da ya rage baƙin sikirin ne da farin rubutu. Na rubuta masa aikinsa: ya auna zafi, ya kunna hita in an yi sanyi, ya kashe in zafi ya yi yawa, ya juya tiren ƙwai, sannan duk minti biyar ya rubuta abin da ya gani. Na zuba komai a cikin wani mataccen firij, na haɗa inbata da batir a layin wutar sito saboda ɗauke wuta, na jawo wayar firij ɗin zuwa soket ɗin bangon.

Ranar da na kai, na tsayar da mahaifiyata na yi mata lacca ta kusan awa guda a kan 'yancin manhaja. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To injiniya, tsako zai fito dai ko?" Na ce zai fito. Na gargaɗe ta kada ta taɓa komai a jikin firij ɗin, ta ce ba ruwanta da shi.

Muka zuba ƙwai sittin. Ni a unguwar Rumde nake zaune, don haka sai na tashi daga shago da yamma nake biyawa in duba. Kwana na uku na tarar da hita ta yi sanyi ƙalau. Bod ɗin yana kunne, amma ya tsaya cak, ya rubuta cewa an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ya duba katin ajiyarsa ya ga matsala, yana jiran a danna masa maɓalli kafin ya ci gaba. Watan Agusta ne, ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, gari ya yi sanyi. Na danna, ya tashi. Bayan kwana biyu ya sake. Ya kuma sakewa.

Daga nan na shiga zagi. Na zagi katin, na canza shi. Na zagi inbata, na kwance ta na ɗaure, lafiyarta lau. Na sauke Linux ɗin na ɗora wani. Na shiga zauren masu irin wannan bod a intanet na kai kuka, wani ya ce in karanta littafin bayanin bod ɗin, littafin da ina jin tun kafin in shiga sakandare ya ɓace daga duniya. Wani kuma ya tambaye ni me ya sa nake ƙyanƙyasar ƙwai da kwamfuta. Ranar ashirin da ɗaya ta zo ta wuce ko tsako ɗaya bai leƙo ba. Ni na haƙa rami a bayan gida na binne su, ina toshe hanci.

Abokina bai raga min ba. Ya ce, "Oga injiniya, abeg, bod ya girme ka, ka sa masa abin da ba a saya da kuɗi, kuma kana mamaki? Ka nemo kaza mai kwanci, ita no dey hang, ba ta tsayawa cak." Na ce masa manyan na'urorin duniya da Linux suke aiki. Ya ce to su je su ƙyanƙyashe ƙwai mu gani.

Mahaifiyata ta sayo wasu ƙwai casa'in ba tare da ta yi shawara da ni ba. Ashe ta riga ta faɗa wa matan zumunta na cocinsu cewa kowacce za ta samu tsakin da za ta kiwata kafin Kirsimeti. Tana jera su a tire ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "In wannan ma ya ƙi, na bari. Ba zan sake ba." Maganar ta dame ni, don na san inda za ta koma in ta bari.

Bod ɗin bai fasa ba. A kwana goma na farko sau huɗu na tarar da shi a tsaye. Sai a lokacin, bayan duk wannan haukan, na tuna cewa ni da kaina na sa shi ya riƙa rubuta komai duk minti biyar. Na buɗe rubutun, na bar kallon zafi na kalli lokutan da rubutun ke yankewa. Lahadi, bakwai da rabi na safe. Talata, uku da rabi. Alhamis, uku da rabi. Na koma na watan jiya, haka yake, kamar jadawalin darasi. Da yake kaina ya riga ya yi nisa, sai na yanke cewa a waɗannan lokutan ne wutar unguwar ke yin wani tsalle da inbata ba ta iya tarewa.

Ranar Alhamis na rufe shago tun azahar, na ɗauko mitar auna wuta, na zauna a kan bokiti a gaban firij ina jira in kama ɓarawo. Uku da kwata, komai lafiya. Can na ji mahaifiyata ta fito daga ɗaki, ta sha zanen zumunta da ɗankwali, tana 'yar waƙarta. Na ji ƙas a falo. Na ji ƙas a kicin. Ta shigo sito, ta ce min sannu da aiki, ta miƙa hannu ta saman kaina, ta kashe soket ɗin bango. Sikirin ya mutu a gaban idona.

Na juyo na ce, "Mama, me kika yi yanzu?"

Ta ce, "Na kashe soket. Fita zan yi."

"Kullum haka kike yi?"

"Kullum mana. In na dawo ina kunna masa. Wa yake barin gida da abu yana zafi a ciki? Ba ka ga gidan da ya ƙone a layin baya ba, da aka kawo wuta da ƙarfi?"

Na ce ai na ce kada ta taɓa. Ta ce firij na ce, kuma ko ƙurarsa ba ta taɓa sharewa ba. Ta ƙara da cewa, "Awa ɗaya ka yi kana min turanci, ba ka ce a bar shi a kunne ba." Haushi ya cika ni, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiyarta. Sau ɗaya ban taɓa tambayarta me ke faruwa a gidan in ba na nan ba. Na tambayi mutanen da ban san ko a wace ƙasa suke ba, ita da ke kwana da firij ɗin ban tambaye ta ba.

Gyaran da zai sa bod ɗin ya tashi da kansa ba tare da jiran maɓalli ba layi ɗaya ne, minti biyar bai ɗauke ni ba, kuma tun ranar farko ya kamata in yi shi. Soket ɗin kuma na liƙe shi da salatif, na yi mata bayanin fiyus da batir da cewa ba abin da zai kama. Ta ce ta ji, amma ita ba za ta iya zama a coci hankalinta na gida ba. Na ce to sai ta zaɓa. Na faɗe shi da tsawa, kuma har yau ina jin kunyar muryar da na yi amfani da ita.

Ta kalli firij, ta kalli ƙofa. Sai ta kwance ɗankwalin, ta jawo kujera ta zauna. Matar da ko zazzaɓi ba ya hana ta zumunta ta yi kwana tara ba ta taka waje ba, har da Lahadi. Matan suka yi ta aiko a duba ko lafiya, tana cewa a gaya musu tana kan aiki.

Safiyar kwana na ashirin da ɗaya ta kira ni a waya. Ina ɗauka ta kara wayar a jikin firij, na ji ciu-ciu. Talatin da huɗu suka fito cikin casa'in. Sauran sanyin kwanakin farko ya riga ya kashe su. Ta raba wa matan bibbiyu maimakon biyar-biyar da ta yi alkawari, tana ba kowacce haƙuri, kuma ba ta ambaci sunana a cikin laifin ba.

Yanzu duk inda za a kafa na'ura, kafin in buɗe jaka sai na zauna na tambayi masu wurin yadda suke yini, wa ke fita, wa ke kashe me. Amma kada in yi muku ƙarya in ce na huce. In na tuna ƙwai sama da ɗari da suka mutu saboda tambaya ɗaya da girman kai ya hana ni yi, har yanzu tsaki nake ja. Kaji kuwa ba ta bari ba. Da ƙanwata ta tambaye ta wa ya haɗa injin, cewa ta yi, "Yayanki ya haɗa. Ni na yi gadi."