Atamfar Paparoma

Atamfar ta iso daga Kaduna a jakar wani ɗalibi, shuɗiya, da fuskar sabon Paparoma a jere. Matan cocinmu ne suka sa aka kawo don ankon bikin godiya. Shekarata goma sha ɗaya, ban taɓa shiga anko ba, kuma ni aka zaɓa in kai kwandon ayaba gaban bagade ranar Lahadi.

Ƙanwar mamana, da muke kira Anti, ita kaɗai ce mai keken ɗinki a cikinmu. Ranar Alhamis ta zo gidanmu a unguwar Sentul, nan ƙasar waje da muke zaune, ta ture yadina da yatsa ɗaya.

"Yaya, ba zan ɗinka ba. Ba ki ga abin da ake turowa a waya ba? Wai ya taɓa yarda gwamnati ta ba namiji da namiji takardar zama tare."

"Takardar gwamnati aka ce, ba ɗaurin aure a coci ba," in ji Mama, tana yanka alayyafo.

"Kuma wai lokacin da sojoji ke ɗauke mutane a ƙasarsu, shiru ya yi."

Baba ya cire tabarau. "Wasu kuma sun ce ɓoye mutane ya yi. Ni lokacin namu sojojin me na yi? Kullum in goge takalmi in tafi ofis. Ke kuwa kina tsotsar yatsa."

"To ai kai ba a buga ka a atamfa ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Ni dai na lura babu wanda ya ambaci rigata.

Mama ta goge hannu. "Shi ke nan. Gobe mu kai wa telan nan na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman."

Ba na sa baki in manya na magana, amma na riga na ga aikin telan nan. Ina kallon ƙafata na ce ya ɗinka wa wata 'yar ajinmu tata, bai san ko fuskar wa ce ba. Kunne ɗaya ya faɗa a hamata, fuska guda kuma daidai wurin zama.

Anti ta dafe ƙirji. "Wurin zama? A kansa za ta zauna har a tashi coci?"

Ta fizgi yadin, ta shimfiɗa a ƙasa, ta cika baki da allurai. Ta juya shi ya fi sau goma kafin ta sa almakashi, tana bin gefen kowace fuska a hankali. Sai da siket ɗin ya gaza tsawo, ta ƙara masa leshi daga nata.

Ranar Lahadi ta zo cikin shuɗin yadi marar hoto. A bakin ƙofar coci ta gyara mini wuyan riga.

"Har yanzu ban gama fushi da shi ba," ta ce. "Juya in ga bayan. Yauwa. Tafi, kar ki zubar."