Wasan da Falmata Ba Ta Hana Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Falmata, malamar ajin ƙananan yara a Nguru. Makon nan ne na fi jin rashinta.

Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka na ɗauka makaranta wurin zama ne shiru. Ita kuwa takan saki yaranta cikin yashi, ta zauna gefe tana kallo. Wata rana na zo daga Gashua na tarar sun naɗe totuwar masara da tsumma, sun jera sahu suna yi mata sallar gawa. Na watsa su da tsawa, na ce tana barin yara su jawo mana mutuwa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, wanda ya yi limancin nan uwarsa aka binne watan jiya. Sai yau ya buɗe baki, ka rufe masa." Ban ba ta haƙuri ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ciwon ƙoda, da ya ɗebe mana mutane a Gashua, ya kama ɗana Modu. Ana kai shi Nguru wankin ƙoda. 'Yarsa Zara, mai shekara huɗu, ta daina magana. A makarantarsu an shafe tsakar gida da siminti, ba a fita sai tashi. Malamarta ta ce yarinyar ba ta da matsala, ta fi kowa natsuwa. Wannan natsuwar ce ke hana ni barci. Da Falmata na nan, da ta gane cikin yini ɗaya.

Shekaranjiya na ga Zara a bayan ɗaki ta kwantar da kwalba, ta ɗaura mata zare kamar robar wankin ƙoda, tana haƙa rami kusa da ita. Tsawa ta zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye, na durƙusa da ƙyar.

"Amarya, wane ne ba lafiya?"

Ta ce, "Kai tsoho, ba ka iya ba. Riƙe zaren, kar ka saki. In ka saki sai ramin."

Falmata ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bar mini shi ne wannan durƙuson. Allah ya ji ƙanta. Modu zai tashi ko ba zai tashi ba, Allah ne masani, kuma tsoro bai sake ni ba. Amma na riƙe zaren har aka kira la'asar, Zara tana ta ba ni labarin babanta.