Totur ɗin Baba Ilu

Har gobe ban manta ranar da Baba Ilu ya roƙe ni in ƙara wa motarsa wayar at ta uku ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina rewaya, wato gyaran wayoyin wutar mota, a garejin wata ma'aikatar gona a Tudun Wada. Shi kuma babban direbanmu ne, yana jan akori-kura mai kai taki Doguwa. Mutum ne mai tsokana, bai taɓa kirana da sunana ba sai Sarkin Tartsatsi.

Ga wanda bai sani ba, at ita ce wayar da ke haɗa batir da bodi da inji, ta nan wuta ke komawa. In ta yi tsatsa mota kan yi nauyin tashi. In kuwa lafiyarta lau, ko goma ka ƙara ba abin da zai canja. Amma a lokacin direbobin Kwanar Dangora sun yayata cewa ƙarin at na sa totur ya amsa da wuri, Baba kuwa ya hau kai ya zauna.

Kukansa kullum ɗaya ne, wai in ya taka sai motar ta yi tunani kafin ta amsa. Na kankare tsohuwar wayar, na sa ta biyu don ya bar ni in sha iska. Bakanike ya wanke kafireta, ya canja fulogi. Duk da haka ya dawo.

Ranar sai na ce mu fita gwaji hanyar Tiga. Da na ja, motar kamar ta tashi sama. Da ya karɓa sai na sa ido ƙasa. Ƙafarsa ta dama rawa take yi, sai ya dafa gwiwa da hannu yake iya danna totur. Ya ga na gani. Ka'ida kuwa, sakamakon gwaji shugaban gareji ake kai wa, kuma in magana ta je can, tuƙinsa ya ƙare.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Sarkin Tartsatsi, sa mata ta ukun mana. Ko Allah zai sa a dace."

"Baba, motarka ba ta da laifi," na ce.

Ya daɗe yana shafa sitiyari, sannan ya ce in bar shi ya kai maganar da bakinsa. Da muka koma ya miƙa makulli, aka mai da shi kula da sito. Bai ƙara tsokanata ba, ni kuwa ba abin da nake kewa kamar wannan.

Ku yaran yanzu kuna da na'urar gwaji, mu ba mu da ita. Amma in mutum ya yi ta dawo da mota lafiyayya, ku dubi mai motar. Baba Ilu ya rasu da daɗewa, kuma har na yi ritaya ba wanda ya sake kirana da sunan nan.